Magatakarda da Wayar Auta

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin ajiyar takardu na wata ma'aikata, ɗaki mai taga ɗaya a ƙarshen baranda, inda ake kunna fanka a lamba ta ɗaya don kada ta tayar da takardu. Tun bai yi furfura ba ake ce masa Magatakarda, har sunan ya bi shi gida, maƙwabta da surukai duk haka suke kiransa. Aikinsa shi ne kada takarda ta ɓace. Duk wasiƙar da ta shigo sai ya buga mata hatimi, ya rubuta rana da lokaci, ya huda ta a kusurwar hagu, ya zura ta a fayil da zare, ya sa lambar shafi da jan biro. Ko shugaban ma'aikata ne ke son fayil, sai an sa hannu a kati kafin fayil ɗin ya ƙetare ƙofa.

Da aka kawo kwamfutoci ofis bai yi gardama ba, ya koyi abin da aka koya masa. Amma duk saƙon da ya shigo ta na'ura sai ya fitar da shi a takarda, ya buga hatimi, ya sa a fayil, sannan ya goge na cikin na'urar don kada akwatin saƙo ya cika. A wurinsa takardar ce asali. Abin da ke kan allo inuwa ce kawai, yau tana nan, gobe an ɗauke wuta. Haka ya yi har ya yi ritaya, kuma babu wanda ya taɓa kama shi da takarda ɗaya da ta ɓace.

'Ya'yansa uku. Maza biyu sun yi aure sun yi nisa. Ta ukun ita ce Auta, shekararta ashirin da biyu, tana ajin ƙarshe a karatun harhaɗa magunguna. An haife ta da sikila, don haka ita ma tana da nata fayil a gida, mai kauri, cike da takardun asibiti tun daga katin awo na farko.

"Baba," takan ce in ta gan shi yana huda sabuwar takarda, "saura ka sa mini lambar shafi a goshi."

"Da kin tsaya wuri ɗaya da na sa," yakan amsa.

A zangon ƙarshe na karatunta wani ya shiga asusunta na sada zumunta ba da saninta ba. Ya kwashi hotunanta, ya ɗora fuskarta a kan jikin da ba nata ba, ya fara aiko mata da su ɗaya bayan ɗaya, da barazana, a ƙarƙashin sunan da ba na kowa ba. Daga baya ya tura wasu zauren hirar waya na 'yan ajinsu. Mako bakwai ta yi ba ta gaya wa kowa a gida ba. Ta daina cin abinci, ta daina barci. Da ta dawo gida mahaifiyarta ta ɗauka wahalar jarrabawa ce. Ciwon ya tashi ranar Juma'a, aka kwantar da ita, ranar Talata da safe ta cika. Likita ya rubuta abin da ya gani, kuma abin da ya rubuta gaskiya ne.

Ƙawarta ce ta faɗi sauran, tana kuka, a ƙofar kicin. Kwana tara bayan rasuwar tata, Magatakarda ya ɗauki wayar Auta, ya sa lambar sirrin da ta taɓa ba mahaifiyarta, ya karanta.

Bai yi ihu ba, bai fasa komai ba. Ya share teburin cin abinci, ya jawo ƙaramar firintar da abokan aiki suka ba shi ranar ritaya, ya zauna. Kwana uku yana ɗaukar hoton kowane saƙo daga fuskar wayar, yana fitarwa a takarda, yana jerawa bisa rana da lokaci. Hotunan kuwa bai fitar ba. A gurbin kowanne ya sa farar takarda, ya rubuta da hannunsa: "Hoto, ba a haɗa ba saboda mutuncin mamaciya." Da ya gama, fayil ɗin ya kai shafi ɗari biyu da goma sha biyu. Sannan ya yi abin da ya saba yi. Ya rufe asusun nata gaba ɗaya don kada wani ya sake shiga. Ya nemi inda ake mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, ya karanta gargaɗin sau biyu, ya danna. Ya naɗe ta a farin hankici. A ransa ya ji kamar ya sake yi wa 'yarsa sutura.

Ya kai fayil ɗin ofishin 'yan sanda. Jami'in da ya karɓa ya yaba tsarinsa, ya nemi wayar, ya kunna, ya yi ta shafa fuskarta sama da ƙasa. Ya ɗago ya dubi dattijon, ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, sai kawai ya ce, "Allah ya jiƙanta, Baba." Bayan wata biyar wasiƙa ta zo daga ofishin mai gabatar da ƙara, layi biyu: babu isasshiyar shaidar da za a gurfanar da kowa.

Magatakarda ya karanta ta a tsaye. Shafi ɗari biyu da goma sha biyu, kowanne da lamba, a ce babu shaida? Ya yanke a ransa cewa ɗaya daga cikin biyu ne, ko lalaci ko kuma an ga wani. Ya rubuta koke sau uku, ba a amsa ba. Sai ya ga cewa da harshensu za a yi musu magana. Jami'a na da wani kwas na wata shida, ranar Asabar da safe, kan dokar laifukan kwamfuta da binciken na'urori. Yana da shekara sittin da uku ya je ya cike fom.

Matarsa mai ɗinki ce, kekenta na bakin taga a falo. Ranar farko da ya fito da jaka a kafaɗa ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"To, ɗan makaranta. In ɗaura maka abincin tara, ko malamarku na ba ku?"

Tun rasuwar Auta wannan ce zolayarta ta farko. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗan jima kafin ya fita.

Ajin na da kujeru talatin, irin masu ɗan allon rubutu a hannun dama. Akwai matasan lauyoyi, da ma'aikatan banki, da 'yan sanda huɗu. Malamar lauya ce, gajera, mai saurin magana, kowa na ce mata Dakta. Kusa da shi wata 'yar sanda ke zama, mai jiki, mai yawan dariya, ana ce mata Saje. Tun mako na biyu ta daina rubutu, sai ta leƙa littafinsa ta ɗauki hoto.

"Baba Fayil, wallahi rubutunka kamar na inji. In na ci jarrabawar nan, rabin takardar shaidar taka ce. Ka zaɓa, sama ko ƙasa?"

"Saje, ki zauna daidai, kina girgiza mini kujera."

Bai gaya wa kowa abin da ya kawo shi ba. Makonnin farko sun yi masa daɗi irin daɗin wanda ake ba gaskiya. Shiga asusun mutum ba izini laifi ne. Barazana ta saƙo laifi ne. Ƙirƙirar hoto don a ci mutuncin wani laifi ne. Kowane sashe Dakta ta karanta, sai ya ja layi da jan biro, ya rubuta a gefe lambar shafin fayil ɗin Auta da ya dace da shi. Kokensa na huɗu ya fara kama hanya, kuma ya san wannan karon ba za su iya yin shiru ba.

A mako na bakwai aka zo kan kama na'ura da bincikenta. Dakta ta shigo da wata baƙar jaka mai kauri, ta ce a cikinta ake sa waya don kada wani saƙo ya shiga ko ya fita. Sannan ta ɗaga wata takarda ta nuna wa aji. Hoton fuskar waya ne, da suna a sama, da lokaci a gefe.

"Wannan saƙo ne daga Saje. Ta ce ta ba ni motarta kyauta, in zo in ɗauka."

"Dakta, ki ji tsoron Allah!" in ji Saje. "Ni da ko keke ba ni da shi!"

Aji ya kwashe da dariya. Dakta ta jira aka lafa.

"Da safen nan na haɗa shi, minti huɗu ya ɗauke ni. Lauyan wanda ake zargi zai haɗa irinsa a gaban alƙali a minti uku. Abin da kuke gani a allo fuska ce kawai. Sunan da ke sama, kowa na iya sa wanda ya ga dama. Abin da ke kai mu ga mutum yana bayan saƙon: lambar asusun da ya aiko, ainihin lokacin, alamun da ke maƙale da hoton kansa. Da su ake zuwa kotu a nemi izini, a tambayi kamfani wane ne a bayan wannan asusu. Ku rubuta wannan, don shi ne darasin yau gaba ɗaya. Takarda kwafi ce. Asali yana cikin na'ura."

Magatakarda ya rubuta kalma uku na farko. Biron ya tsaya a kan ta huɗu.

"Kuma kun san wa ya fi lalata mana shaida?" Dakta ta ci gaba, tana mayar da takardar cikin jaka. "Ba mai laifi ba. 'Yan uwa. Uwa ta goge don kada a gani, yaya ya rufe asusu don ya huce. Da kyakkyawar niyya duka."

Ya ɗaga hannu. Bai taɓa ɗaga hannu a ajin ba, don haka kowa ya juyo.

"Dakta, idan an mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, ana iya dawo da abin da ke ciki?"

"A wayoyin yanzu, a'a, Baba. Bayanan a kulle suke, kuma mabuɗin ne ake jefarwa. Ko ni, ko wanda ya ƙera ta."

"Idan kuma an rufe asusun?"

"Kamfani kan riƙe wasu abubuwa na ɗan lokaci. Makonni, wani lokaci watanni. In an rubuta musu da wuri a ce su adana, suna adanawa. In ba a rubuta ba, suna sharewa."

"Wata goma sha huɗu fa?"

Dakta ta ɗago ta dube shi. Daga can bayan aji wani matashin lauya ya ce, "Kai, wannan ai ya yi wa mai laifi aiki kyauta, har da shara da wanke-wanke!" Wasu suka yi dariya. Saje ba ta yi ba. Tana kallon hannun Magatakarda, wanda ya riƙe jan biro a kusurwar shafi yana so ya sa lamba, bai sa ba.

Ya ga fuskar jami'in nan da ya kunna wayar, ya ga bakin da ya buɗe ya rufe. Wata tara yana tsine wa mutumin a ransa, ashe tausayinsa mutumin ya ji.

Aka tashi, aji ya watse. Shi ya ci gaba da zama a kujerarsa. Saje ta zauna kusa da shi. Da Dakta ta gama tattara kayanta ta zo, sai ya buɗe jakarsa, ya ciro fayil ɗin, ya ɗora a kan ɗan allon kujera.

"'Yata ce," ya ce. "Ni ne na goge."

"Innalillahi," in ji Saje a hankali, ta dafe baki.

Dakta ta ja kujera ta zauna. Ta buɗe fayil ɗin, ta bi shafukan, ta tsaya a kan farar takardar farko da rubutun hannunsa, ta daɗe a kai. Ba ta ce masa ba laifinsa ba ne, kuma ya gode mata da hakan.

"Baba, ka yi tunani sosai. Ban da wayar, tana da wata na'ura da take shiga asusun da ita?"

Har ya ce a'a, sai ya tuna, ya faɗa mata. Akwai ƙaramar kwamfutar da take karatu da ita. Ranar da aka dawo daga asibiti mahaifiyarta ta same ta a kan gado a rufe, ta naɗe ta a farar rigar ɗakin gwaji ta Auta, ta sa a akwati, ta kulle. Sau biyu ya nema don ya tsabtace ta kamar yadda ya yi wa wayar. Karo na biyu har suka ɗaga murya, su da ba su taɓa yi ba a gaban kowa ko a bayan kowa. "Ka yi wa wayar abin da ka ga dama," ta ce masa ranar. "Wannan yadda ta rufe ta, haka za ta zauna." Ya yi fushi kwana biyu, yana ganin rashin tsari ne irin nata.

"Kada a kunna ta," in ji Dakta, tana ƙirgawa da yatsu. "Kada a sa mata caji. Kada ma a ɗaga murfin. In ta haɗu da intanet za ta gane an rufe asusun, tana iya share ɗan abin da ta riƙe. Ban yi maka alkawari ba, Baba. Mai yiwuwa babu komai a ciki."

Ya isa gida da azahar. Matarsa na kan keke tana kafa hannun riga. Ya ajiye jaka, ya zauna a kujerar da ke fuskantarta, bai cire takalmi ba.

"Maman yara, tsaya da ɗinkin nan."

Ta ɗauke ƙafa daga keke.

"Ba cin hanci ba ne. Ba lalaci ba ne. Ni ne."

Ya faɗa mata dalla-dalla, yadda yake karanta rahoto, bai rage komai ba. Tana riƙe da almakashi, ba ta ajiye ba har ya gama. Da ya zo kan kwamfutar sai ta miƙe zumbur, zaren da ke cinyarta ya gangara ƙarƙashin kujera.

"Malam, shekaranjiya na ciro ta. Hotonta nake so in gani, wanda take dariya a bakin ƙofar makaranta. Na nemi igiyar cajin ban gani ba, shi ya sa na mayar."

Suka dubi juna. Igiyar na cikin aljihun tebur ɗinsa, ya naɗe ta da roba, ya liƙa mata takarda mai suna.

Ta koma ta zauna. Can ta ce, "In an kai ta, za su ga abin nan da aka yi mata. Maza baƙi. Abin da ka goge don kada a gani."

"Za su gani."

"To me muka yi ke nan?"

Ya yi mata bayani da abin da ya koya. Ba za a buɗe ta a kan kanta kowa na leƙe ba. Za a kwafe abin da ke ciki ba tare da an taɓa asalin ba, a kan kwafin za a yi aiki. Za su rubuta iyakar abin da suka yarda a duba, saƙonnin wannan asusu na waɗannan makonni bakwai, ba rayuwarta gaba ɗaya ba. Duk wanda ya karɓa, duk wanda ya duba, sai ya sa hannu, da rana, da lokaci.

"Kamar katin nan naka na ofis?"

"Kamarsa."

Ta daɗe tana kallon hannun rigar da ke ƙarƙashin allura. Sannan ta ce, "Ni zan ɗauka. Kai kada ka taɓa."

"Ba zan taɓa ba."

Ranar Litinin da safe Saje ta raka su sashen binciken na'urori, ɗaki mai sanyi a hawa na biyu, da kanta mai gilashi. Matar ta riƙe kwamfutar a ƙirji cikin farar rigar, ba ta yarda ta ajiye ta a benci ba. Jami'ar da ke kanta ta sa safar hannu, ta karɓa, ta sa a jaka, ta liƙe baki, ta rubuta lamba. Rigar ta miƙo musu. Sannan ta turo fom.

Magatakarda ya gane fom ɗin tun kafin ya karanta. Suna, rana, daga hannun wa, zuwa hannun wa. A layin farko ya rubuta cewa mahaifiyar mamaciya ce ta riƙe ta, wata goma sha huɗu, a akwati mai kwaɗo. Inda aka tambaya ko an kunna ta a tsawon lokacin, ya rubuta a'a, ya miƙa wa matarsa biro ta sa hannu.

"Shi ke nan, Baba," in ji jami'ar.

"Saura. Ki ba ni farar takarda."

A tsaye a bakin kantar ya rubuta abin da ya yi wa wayar da asusun, da ranar da ya yi, da dalilinsa, layi tara. Ya sa hannu, ya nemi a ba shi kwafi. A kusurwar kwafin ya rubuta ɗari biyu da goma sha uku.

Bai daina zuwa aji ba. Kokensa na huɗu ya cire shi daga jaka, bai aika ba. Ya rubuta wata gajeriyar wasiƙa zuwa ga jami'in da ya fara karɓar wayar, ya ba shi haƙuri kan abin da mutumin bai ma san an zarge shi da shi ba.

Bayan mako shida wasiƙa ta zo daga ofishin mai gabatar da ƙara. Ita ma layi biyu ce. An samu wani ɓangare na saƙonnin a cikin kwamfutar, tare da lambar asusun da ya aiko su, kuma an sake buɗe bincike. Ba a ce an kama kowa ba, har yanzu kuma ba a kama ba.

Ya karanta wa matarsa sau biyu. Ta karɓa ta duba da kanta, ta juya bayan takardar ko akwai ƙari, babu. Ya ɗauko abin huda takarda daga aljihun tebur, sai ya tsaya yana kallonta.

"Wannan dai takarda ce tun asali, ko?" ta ce.

"Takarda ce."

"To huda."